Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Faifan Garmaho na Asali da na Jabu

 A hutun da ya wuce, ranar wata Asabar, kakarmu ta sa ni da ƙanena mu kwashe kayan da ke ɗakin ajiya na gidanmu a Unguwar Kanawa, domin rufin ya fara yoyo ga damina ta kawo jiki. A ƙarƙashin tsofaffin tabarmi da wata fitilar ƙwai da ta daɗe da mutuwa, sai muka ci karo da wani akwatin ƙarfe mai nauyin gaske. Da muka buɗe, sai ga baƙaƙen faya-fayai a jere, wasu manya kamar faifan rufe tuwo, wasu ƙanana kamar murfin samira. Ƙanena, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi, ya ce, "Yaya, wannan kuma wane irin CD ne?"

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce faya-fayan garmaho ne, yawancinsu na marigayi kakanmu, sauran kuma na Baffa, yayan mahaifinmu. Muka ƙirga, guda 64.

Ba a yi kwana uku ba sai ga wani mutum mai sayen tsofaffin kaya ya yi sallama, wai ya ji labari a wurin maƙwabta. Ya ɗan duba sama-sama, ya taya akwatin gaba ɗaya a kan kuɗin da bai kai na tiya biyar ta shinkafa ba. Hajiya ta kusa sallamawa, domin a ganinta tarkace ne da ke cinye wuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutumin ya ware guda huɗu gefe guda yana ta kallonsu, alhali bakinsa na cewa duk ba su da amfani. Na ce, "Hajiya, don Allah ki ba ni mako ɗaya." Ta harare ni irin hararar wasan kaka da jika, ta ce, "To angona, mako ɗaya. In ka wuce haka, da kai da akwatin zan haɗa in sayar."

Abin da na koya a wannan makon shi ne zan ba ku yau, domin na tabbata akwai irin wannan akwati a gidaje da yawa daga Kawo zuwa Tudun Wada.

Mene ne faifan garmaho?

Kalmar garmaho ta fito ne daga sunan da Turawa suka ba na'urar da ke kunna faifan. Shi kuwa faifai, kakanninmu ne suka ga ya yi kama da faifan kaba na mata, suka laƙaba masa sunan. A kowace fuska ta faifan akwai siririn kwari guda ɗaya tak, wanda ya nannaɗe tun daga baki har zuwa kusa da tsakiya. Idan faifan na juyawa, allura na bin wannan kwari tana karkarwa daidai da lanƙwashe-lanƙwashen da ke cikinsa, na'ura kuma ta mayar da karkarwar ta zama sauti. Masu karatun fiziks, ga darasin sauti nan a zahiri.

Iri uku aka fi sani. Mafi tsufa shi ne mai juyi 78 a minti ɗaya. Ana yin sa da wani irin ƙaro da ake samu daga jikin wani ƙwaro a ƙasashe irin su Indiya, yana da nauyi, kuma in ya faɗi fashewa yake kamar tangaran. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda ke ɗaukar waƙoƙi da yawa. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai faɗin inci 7 da ke juyi 45 a minti, galibi waƙa ɗaya a kowace fuska. Waɗannan biyun na baya da roba ake yin su, mafi yawa robar PVC, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita. Ku yi lissafi: waƙar minti 3 a kan ƙaramin faifai, juyi 135 ke nan.

Lokacin da faifai ke tashe

A zamanin ƙuruciyar kakanninmu babu wayar hannu, babu intanet. Mai son jin waƙa ko dai ya jira gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ya aika da kati a shirin Zaɓi Sonka, ko kuma ya tara kuɗi ya sayi faifai. Manyan kamfanonin waje irin su EMI da Decca da Phonogram suna da rassa a Legas, suna ɗaukar mawaƙan ƙasar nan, suna kuma buga waƙoƙin waje da izinin masu su. A ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke Legas ne Paul McCartney, ɗaya daga cikin mawaƙan Beatles na Ingila, ya ɗauki kundinsa mai suna Band on the Run a 1973.

Kiɗan soul na baƙaƙen fatar Amurka ya shiga ran matasan wancan lokaci ƙwarai. Geraldo Pino, ɗan ƙasar Saliyo, ya yaɗa salon a Afirka ta Yamma, kuma a watan Disamba 1970 James Brown da kansa ya zo Nijeriya ya yi wasa. Arewa ba a bar ta a baya ba. Bongos Ikwue ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Jos akwai ƙungiyar Sahara All Stars. A nan Kaduna kuwa akwai Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda ya kafa ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Africa, ya yi shiri a talabijin na NTA, ya rasu a 2003. Kamfanin Tabansi, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin faifai na 'yan ƙasa, a Kano ya faro kafin ya koma Onitsha. Mawaƙanmu na gargajiya irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos su ma muryoyinsu sun hau faifai.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, waɗannan faya-fayai da muke jefarwa, a ƙasashen waje nemansu ake ido rufe. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da wani tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, kuma a cikinsa akwai "Ikon Allah" ta Bala Miller. Kamfanoni irin su Soundway da Analog Africa da BBE sun bi sahu. A 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, duniya ta ɗauka. A wannan shekarar dai kamfanin Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a kan faifai da sunan Harafin So. Duk inda ka ga ana rububin abu, farashinsa zai tashi. Duk inda farashi ya tashi kuwa, masu yin jabu za su biyo baya.

Wata Arewa da ba tamu ba

A cikin huɗun da mai sayen kaya ya ware, akwai wani ƙaramin faifai mai babban rami a tsakiya, da sunan wani ɗan ƙaramin kamfani na birnin Detroit a Amurka. Na rubuta sunan waƙar a wayata na bincika. Da na ga farashin da aka taɓa sayar da na asalinsa, na mayar da shi naira, sai da na tashi zaune. Kuɗin zai biya mini makaranta har in gama, a gyara rufin Hajiya, a kuma samu canji. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na tafi Malali wurin Baffa da faifan a cikin littafina. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya yi murmushi. Ya ce a Manchester ya saye shi a 1978, lokacin yana karatu a can. Daga nan ya ba ni labarin wani abu da ake kira Northern Soul, wato soul na Arewa. Amma Arewacin Ingila ake nufi, ba tamu ba.

A shekarun 1970 matasan garuruwan masana'antu na Arewacin Ingila sun kamu da son tsofaffin waƙoƙin soul masu saurin kiɗa na shekarun 1960. Waɗanda suka yi kasuwa ba su dame su ba. Sun fi son waɗanda ƙananan kamfanoni suka buga kaɗan, ba su sayu ba, aka manta da su a rumbunan ajiya na Amurka. Akwai wani ɗakin rawa mai suna Wigan Casino da ya shahara da wannan daga 1973 zuwa 1981. Masu saka faifai a irin waɗannan wurare har rufe takardar faifan suke yi, su ba waƙar sunan ƙarya, don kada abokan hamayya su gano ta. Dubban matasa na son waƙa, ga shi kwafinta a duniya bai taka kara ya karya ba. Sai wasu 'yan kasuwa suka riƙa samo kwafi ɗaya, su buga dubbai a ɓoye, ba tare da sanin mawaƙi ko kamfaninsa ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne waƙar Frank Wilson mai suna "Do I Love You", wadda kamfanin Motown ya ɗauka a 1965. Ba a kai ga sakin ta kasuwa ba aka lalata kusan duk kwafin da aka buga. Da waƙar ta ɓulla a Ingila, sai aka buga ta a sace da sunan wani mawaƙi daban, Eddie Foster. Sai a 1979 kamfanin ya fitar da ita a hukumance a Ingila. A 2009 an sayar da kwafi ɗaya na asali a kan fam 25,742.

Na ce, "To Baffa, naka na asali ne?" Ya ce, "Ɗana, ni dai na san a kan tebur na saye shi a kasuwa, da kuɗin da bai wuce na shayi da burodi ba. Sauran kai ne ɗan jami'a, je ka bincika."

Faifai iri uku ne

Kafin a fara bincike dole a bambance abu uku, domin mutane na yawan cakuɗa su.

Na farko shi ne bugun asali, wanda kamfanin da ke da waƙar ya buga a lokacin da ta fito. Shi ne masu tara faifai suka fi daraja.

Na biyu shi ne sabon bugu da izini. Kamfani ya nemi mawaƙi ko magadansa ko mai haƙƙin waƙar, aka yi yarjejeniya, aka biya, sannan aka sake bugawa. Wannan halal ne, kuma ba ya ɓoye kansa: za ka ga sabuwar shekara da sunan sabon kamfani a jikinsa. Bugun da rassan Legas suka yi wa waƙoƙin Amurka da izini shi ma na halal ne, ko da ba shi ne bugun farko ba.

Na uku shi ne bugun sata. Babu izini, babu sisin kwabo da ya kai hannun mawaƙi. Wani bugun satar yakan fito da sunan kamfanin da babu shi. Wani kuwa yakan kwaikwayi takarda da tambarin na asali domin a yaudari mai saye. Wannan shi ne jabu tsantsa, ɗan'uwan jabun kuɗi.

Dalilin da ya sa ɓarawo ke barin sawu

In kun fahimci yadda ake yin faifai, gane jabu zai zo muku da sauƙi. Ana fara ɗaukar waƙa a kan tef na asali, wanda ke zama a hannun kamfani. Daga tef ɗin wata na'ura mai kaifin baki za ta yanka kwarin sauti a kan wani faifai mai taushi. A nan ne injiniya ke rubuta ko buga wata lamba a filin da ya rage tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Sai a lulluɓe wannan faifai da ƙarfe, a fitar da hatimi. Da wannan hatimi ake danne roba mai zafi, tare da takardun fuska biyu, faifai ya fito. Ke nan duk faifan da ya fito daga hatimi ɗaya yana ɗauke da lamba ɗaya, da hannun rubutu ɗaya, a wuri ɗaya.

Shi mai bugun sata ba shi da tef na asali, ba shi da hatimin kamfani, ba shi da kayan da aka buga takardar da su. Abin da ke hannunsa kwafi ɗaya ne da wani ya riga ya saurara. Dole ya ɗauki sauti daga wannan kwafi, ya yanka sabon faifai, ya kwaikwayi lamba da hannunsa, ya ɗauki hoton takarda ya sake bugawa. A kowane mataki yana barin sawu. Aikinmu shi ne bin sawun.

Gwaji biyar

Na ɗaya, duba filin da ke kewaye da takarda. Riƙe faifan ta gefe, ka karkata shi a hasken taga ko ka haska tocilar waya a kaikaice. Za ka ga haruffa da lambobi. Wasu an buga su da hatimi, sun fito daidai wa daida kamar na keken rubutu. Wasu an karce su da hannu. Sau da yawa wannan lamba tana da dangantaka da wadda aka buga a kan takarda. Wasu masana'antu na da alamarsu ta musamman. Misali, faya-fayan da aka buga a masana'antar Monarch ta Los Angeles suna da wata alama mai kusurwa uku kafin lamba, wasu na Amurka kuma suna ɗauke da hatimin Bell Sound ko na Nashville Matrix. Idan an san na asali yana da hatimi, naka kuma karce ne da hannu, ko babu alamar sam, to akwai lauje cikin naɗi.

Na biyu, duba takarda. Yi amfani da madubin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwajen makarantarku, ko ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi. A takardar asali bakin haruffa yakan fito tsaf. A wadda aka kwafa daga hoto, ƙananan haruffa sukan yi dishi-dishi, launi ya kauce, wani lokaci har ka ga hoton tabo ko karce da ke jikin takardar da aka kwafa, alhali in ka shafa babu komai. Duba kuma ko an tsallake adireshin kamfani ko sunan marubucin waƙa.

Na uku, duba jikin faifan. Ƙananan faya-fayan Amurka da yawa na shekarun 1960 ba da PVC aka yi su ba. An yi su da wata roba mai suna sitairin, wadda ba ta da nauyi, ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma takardarta manna ta ake yi da gam bayan an gama, har kana iya jin bakinta da farce. A faifan PVC kuwa takardar nutsewa take cikin robar. Idan an san da wace roba aka buga na asali, naka kuma ya saɓa, ka samu wani sawun.

Na huɗu, nemi abin da bai dace da zamaninsa ba. Layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti don sanin farashi ba su fara hawa kwalin faifai ba sai ƙarshen shekarun 1970. Adireshin intanet kuwa sai a shekarun 1990. Duk wanda ya kawo maka faifai ya ce bugun 1972 ne, ka ga ɗayan waɗannan a kwalinsa, to sabon bugu ne, ko na izini ko na sata. Haka nan kowane kamfani na da tsarin lambarsa. Manyan faya-fayan EMI na Nijeriya da yawa lambarsu na farawa da NEMI, na Afrodisia kuma, wanda reshe ne na Decca, da DWAPS.

Na biyar, saurara. Faifan da ya tsufa yakan yi ƙaras-ƙaras tun daga lokacin da allura ta sauka, kafin ma waƙa ta fara. Amma in faifai na sheƙi, allura ta sauka shiru, sai da kiɗa ya fara sannan ƙaras-ƙaras ya shigo tare da shi, ya kuma ɗauke tare da shi, to wannan ƙarar ta tsohon faifan da aka kwafa ce. Sautin jabu kuma yakan dusashe, kamar ana kiɗa a ɗakin maƙwabta.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna buƙatar abin kwatance. Akwai wani rumbun bayanai a intanet mai suna Discogs, wanda aka kafa a 2000, inda masu tara faifai ke saka hoton takarda da lambobin kowane bugu, suna kuma nuna wanda ba na izini ba ne.

Kada a yi saurin yanke hukunci

A nan sai an yi hattara. Alama ɗaya ba ta isa hujja. Dubban faya-fayai na asali lambarsu da hannu aka karce ta, musamman na ƙananan kamfanoni. Ƙananan kamfanonin Nijeriya da yawa kuma ba su da kuɗin ɗab'i mai kyau, don haka za ka ga launi ya zarce layi, an yi kuskuren rubuta suna, kwali ya yi laushi, alhali faifan ɗan asali ne. Muninsa ba ya nuna jabu ne, kamar yadda kyansa ba ya nuna na gaske ne. Wani lokaci ma jabun ya fi na asalin kyan gani. Kuma kamfani ɗaya na iya buga waƙa ɗaya a masana'antu biyu, lambobin su bambanta, duka kuma na halal. Sai alamu biyu ko uku sun haɗu sannan a buɗe baki.

Yadda namu ya kaya

Na zauna a tsakar gida da tocila da waya. Bayanin bugun asali ya nuna akwai hatimin masana'anta a gefen takarda. Na juya namu ta kowace fuska, babu hatimi, sai wasu lambobi da aka karce a karkace. Na buɗa hoton takardar, ƙananan haruffan ƙasa sun cakuɗe, da ƙyar ake karanta su. Jikina ya fara sanyi, amma na ce bari in ji da kunnena.

Baffa ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Kawo, wanda har yanzu yake da na'urar kunna faifai mai aiki. Ya goge faifan, ya ɗora allura. Shiru. Kiɗa na farawa sai ga ƙaras-ƙaras ya biyo shi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Samari, wannan daga bakin wani faifan aka ɗauko shi." Alamu uku sun haɗu. Kuɗin makaranta da rufin Hajiya suka bi iska.

Baffa ya yi dariya, daga baya kuma ya yi shiru. Ya ce shekara da shekaru yana son wannan waƙa, bai taɓa tunanin cewa wanda ya rera ta bai ga ko anini daga kuɗin da ya biya ba.

Sauran ukun da mutumin ya ware kuwa, biyu na Shata ne bugun EMI, ɗaya na Bala Miller. Na bi su da gwaji biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ban samu abin zargi ba. Dattijon ya ara mana na'urarsa na yini ɗaya. Da muka ɗora faifan Shata a tsakar gida, kalangu ya tashi, Hajiya ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta ce komai ba har fuskar faifan ta ƙare. Sannan ta ce wannan ne marigayi ke sakawa da hantsin ranar Sallah, bayan an sauko daga idi.

Da mako ya cika mai sayen kaya ya dawo. Hajiya ta ce an fasa. Nan take ya ninka tayinsa, ya sake ninkawa, a kan kayan da ya ce ba su da amfani. Hajiya ta ce, "Malam, Allah Ya ba ka a wani wurin."

Me ya shafe mu?

Wani zai ce wannan ai labarin tsofaffi ne. To ku duba abin da ya faru da masana'antar faifai ta ƙasar nan. Da kaset ya yaɗu, kowa na iya kwafar waƙa a shago, satar fasaha ta zama ruwan dare. Ga tattalin arziki ya tsuke, darajar naira ta faɗi bayan 1986. Manyan kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka tafi: EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier. Irin wannan ciwo ne ya addabi finafinan Hausa a zamanin CD. A yau kuma ana tura waƙa da littafi da fim daga waya zuwa waya, mai aikin bai sani ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta kare sautin da aka ɗauka na tsawon shekara 50, ta kuma kare ita kanta waƙar har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Ku lissafa ku gani har yaushe magadansu ke da haƙƙi. A cikinku akwai masu rubuta waƙa da labari, akwai masu zane. Wata rana aikinku ne zai shiga hannun mutane.

Ita kuma dabarar bincike, ba a kan faifai kaɗai take aiki ba. Tambayar daga ina abu ya fito, neman abin kwatance, da ƙin yanke hukunci da alama ɗaya, su ne dai za ku yi amfani da su a kan cajar waya, da maganin da aka saya a kemis, da saƙon da aka turo muku a WhatsApp cewa an ɗage jarrabawa.

In kun samu naku akwatin

Ku fara neman izinin masu shi. Ku riƙe faifai ta gefe da tsakiya, kada yatsa ya taɓa kwarin sauti. Ku jera su a tsaye kamar littattafai, domin in aka ɗora su kan juna nauyi na lanƙwasa su. Ku nisanta su daga rana da ɗakin kwano mai zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, domin zafi na karkatar da roba kuma in ta karkace da wuya ta miƙe. Ƙurar hunturu a share ta da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen kwarin. Kada a sa kananzir ko fetur ko omo, kada kuma ruwa ya taɓa takarda. Kwalin ma kada a yar, ko ya yage, domin yana cikin shaidar faifan.

Daga nan ku samu littafi ku rubuta sunan mawaƙi, sunan waƙa, kamfani, lambar takarda da lambar da ke gefenta. Sannan ku zauna da kaka ko kawu ku tambaye su a ina aka sayi kowanne, wa ya saya, a wane lokaci ake saka shi. Ni da ƙanena mun cika shafi 11, kuma rabin abin da ke ciki ba ya cikin intanet, daga bakin Hajiya muka ji shi.

Faifan Baffa na jabu yana nan a cikin akwatin tare da sauran. Na maƙala masa 'yar takarda a kwali na rubuta abin da na gano, don kada wani jikan ya zo nan gaba ya rasa barcin dare ɗaya kamar yadda na rasa. Duk wanda ya samu wani abu a gidansu, ya rubuto wa wannan shafi ya ba mu labari. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.